Mudun Hukuma: Alƙaluman Gwamnati da Ƙwararrun da Ke Awo da Su a Nijeriya

Gabatarwa

Ƙididdigar hukuma ita ce alƙaluman da gwamnati take tattarawa, ta tace, ta wallafa game da yawan jama'arta da farashin kayan masarufi da aikin yi da lafiya da ilimi da noma, kuma abin da ya bambanta ta da alƙaluman da kamfani ko ɗan bincike zai tara don amfanin kansa shi ne cewa da kuɗin jama'a ake samar da ita, da ikon doka ake neman bayanan, sannan kowa yana da haƙƙin ɗauka ya yi aiki da ita ba tare da neman alfarma ba. Matsayinta a ƙasa kamar matsayin mudu ne a kasuwar hatsi, inda mai saye da mai sayarwa suke iya saɓawa a kan farashi har su ɗaga murya, amma ba a son su saɓa a kan girman mudun, domin da zarar an fara shakkar mudu to cinikin kansa ya lalace. Manufar wannan lacca ita ce nuna cewa likita da masanin tattalin arziki da jami'in tsare-tsare da ɗan jarida a Nijeriya duk da mudu ɗaya suke awo, cewa an daɗe ba a duba gindin wannan mudu ba, kuma cewa ƙwararren da bai san yadda aka ƙera shi ba yana iya tauye jama'a alhali yana zaton adalci yake yi.

Hukumomi biyu ne ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi a matakin tarayya. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ita ke da alhakin ƙidaya da rajistar haihuwa da mutuwa, yayin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NBS, take fitar da alƙaluman hauhawar farashi da girman tattalin arziki da rashin aikin yi da talauci, a ƙarƙashin Dokar Ƙididdiga ta 2007. Bayan waɗannan akwai Babban Bankin Nijeriya da ma'aikatun gwamnati, da kuma hukumomin ƙididdiga na jihohi irin na Kano da Kaduna.

Hanyoyin Samar da Alƙaluma

Hanyoyi uku ake bi wajen samar da alƙaluman hukuma. Ta farko ita ce ƙidaya, wato a bi gida-gida a ƙirga kowa da kowa a cikin 'yan kwanaki, aikin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta riƙa yi sau ɗaya a shekara goma. Ta biyu ita ce binciken samfur, inda ake zaɓo wasu gidaje ta hanyar ƙuri'a irin ta lissafi, a yi musu tambayoyi dalla-dalla, sannan a ɗora sakamakon a kan ƙasa baki ɗaya, kamar yadda mai sayen hatsi yake zura hannu cikin buhu ya ɗebo kaɗan don ya gane ingancin sauran. Ta wannan hanya ce binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda ya shiga gidaje kimanin 40,000, ya ƙiyasta cewa yara 132 cikin kowane 1,000 da aka haifa suna mutuwa kafin su cika shekara biyar. Ta uku ita ce bayanan ofis, wato abin da ake rubutawa yau da gobe a rajistar asibiti da makaranta da tashar kwastam.

Abin lura shi ne cewa hanyoyi biyu na ƙarshe a kan ta farko suke jingine. Mai binciken samfur daga jerin unguwanni da ƙauyukan da ƙidaya ta zana yake zaɓo gidajen da zai shiga, kuma da yawan jama'ar da ƙidaya ta nuna yake ninka sakamakonsa, shi kuwa mai bayanan ofis, ko da ya san adadin yaran da suka shiga aji ɗaya a bana, ba zai iya faɗin kashi nawa ne suka shiga ba sai ya san adadin yaran da suka isa shiga. Don haka ƙidayar jama'a ita ce gindin mudu, kuma duk ɓular da ke gindin sai ta bayyana a kowane awo da aka yi da shi.

Yadda Ƙwararre Yake Aiki da Adadi

Aikin jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ya isa misali na kusa. A farkon shekara ana ba shi adadin mutanen ƙaramar hukumarsa, adadin da aka samo ta hanyar ɗaukar sakamakon ƙidayar 2006 a riƙa ƙara masa wani kaso kowace shekara, sai shi kuma ya ɗauki kashi 4 cikin ɗari na wannan adadi a matsayin jariran da ba su cika shekara ba, kamar yadda tsarin ya tanada. Idan aka ƙaddara takarda ta ce mutanensa 300,000 ne, to jarirai 12,000 zai shirya wa, kuma a kan wannan adadi zai nemi maganin rigakafi da allurai da katin yara da wurin ajiya a firiji, ya raba ma'aikata da babura. Idan kuwa garin ya cika ya batse, saboda bunƙasar kasuwa ko saboda mutanen ƙauyuka sun kwararo suna gudun 'yan bindiga, har mutanen suka kai 400,000, to jarirai 16,000 ne a ƙasa, kuma ranar da jami'in ya yi wa 12,000 allura zai rubuta a rahotonsa cewa ya cika ɗari bisa ɗari, a yaba masa, alhali jarirai 4,000 suna nan ba a taɓa su ba, babu kuma wata takarda da ta san da zamansu. Jami'in bai yi ƙarya ba, lissafinsa ma daidai yake, amma adadin da ya raba da shi ne ya yaudare shi.

Irin wannan giɓi ya fito fili lokacin da binciken samfur na 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa kashi 33 cikin ɗari kacal na yaran Nijeriya ne suka samu zagaye na uku na allurar da ke kare cututtuka biyar, a Jihar Sakkwato ma kashi 3 ne, alhali rahotannin ofis suna nuna adadin da ya ninka haka nesa ba kusa ba, saboda raunin adadin da ake rabawa da shi da kuma cika rajista da sunayen da ba a yi wa allurar ba. Sakamakon binciken ne ya sa hukumar lafiya a matakin farko ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum a 2017, wanda hakan ya nuna cewa adadi mai ɗaci, in dai na gaskiya ne, ya fi mai daɗi amfani. Tun kafin wannan, masu yaƙi da cutar shan inna sun koma amfani da hotunan tauraron ɗan Adam don zana taswirar garuruwa da rugage a jihohin Arewa, bayan sun gane cewa akwai matsugunan da ba sa cikin jerin da suke aiki da shi.

Sauran ƙwararru ma haka abin yake gare su. Kwamitin manufofin kuɗi na Babban Banki da alƙaluman hauhawar farashi na NBS ya dogara lokacin da ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024, matakin da ya shafi duk wanda ya je banki neman rance. Shugabannin ƙwadago da alƙaluman tsadar rayuwa suka kafa hujja a tattaunawar da ta kai ga mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024 daga naira 30,000 na 2019. Ƙungiyoyin agaji kuwa da rahoton talauci na 2022 suke zaɓar inda za su kai taimako, rahoton da ya auna rashin lafiya da ilimi da muhalli da aiki da tsaro a haɗe, ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci, daga kashi 27 a Jihar Ondo zuwa kashi 91 a Jihar Sakkwato. Shi kansa wannan adadi na miliyan 133 an same shi ne ta ninka kason da bincike ya gano da yawan jama'ar da aka ƙiyasta, saboda haka shi ma ya gaji raunin ƙidaya.

Tarihin Ƙidaya da Dalilin Rashin Yarda

Ruwa ba ya tsami banza, kuma rashin yardar 'yan Nijeriya da ƙidaya yana da tarihi. A zamanin mulkin mallaka ƙirga mutane da karɓar haraji tafiyarsu ɗaya, domin dagatai da masu unguwanni su ne ke rubuta magidanta da samarin da suka isa biyan haraji, ana kuma ƙirga shanu don jangali, saboda haka talaka ya koyi cewa duk wanda ya zo da takarda yana tambayar yawan iyali ko dabbobi ba alheri ya kawo ba. A Kudu maso Gabas boren matan Aba na 1929 ya samo asali ne daga yunƙurin ƙirga mata da dabbobi, wanda aka fahimta a matsayin share fagen ɗora wa mata haraji. Ƙidayar 1952 zuwa 1953, wadda ta ba da kimanin mutum miliyan 30.4, ita ce ta canza ma'anar lamarin, domin da ita aka raba kujerun majalisar tarayya, daga nan kuma mutanen da a da suke ɓoye kawuna don gudun haraji suka fahimci cewa yawan kai shi ne kujera, shi ne kuma kuɗi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An soke ƙidayar 1962 saboda zargin aringizo, aka sake wata a 1963 wadda ta ba da miliyan 55.7, gwamnatin Yankin Gabas ta ƙi amincewa har ta kai ƙara Kotun Ƙoli, amma ba ta yi nasara ba. Ƙidayar 1973, a zamanin Janar Yakubu Gowon, ta ba da miliyan 79.8, sai dai ce-ce-ku-cen da ta tayar ya sa gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta soke ta a 1975, wanda hakan ya bar ƙasar tana hasashe a kan adadin 1963 har na tsawon shekara 28. Da aka yi ƙidayar 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, sai ta ba da miliyan 88.9 a lokacin da ƙiyasin da ake aiki da shi ya haura miliyan 100, ma'ana duk wani lissafi na kuɗin shigar kowane mutum ko yawan likitoci ga jama'a da aka yi kafin nan ya tashi a kan adadin da ƙidayar ba ta tabbatar ba. Ta 2006, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ta ba da mutum 140,431,790, aka cire tambayar addini da ƙabila don rage husuma, amma duk da haka da ta nuna Kano tana da miliyan 9.4, Legas kuma miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta yi watsi da sakamakon tana cewa mutanenta sun kai miliyan 17.5. Wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023 kuwa an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki.

Dalilin zafin wannan jayayya yana cikin tsarin rabon arzikin ƙasa, inda a kason da jihohi suke rabawa a tsakaninsu ake ba da kashi 40 cikin ɗari daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa da ci gaban al'umma da ƙoƙarin tara kuɗin shiga, sannan kujeru 360 na Majalisar Wakilai ma da yawan jama'a ake raba su. Duk adadin da aka ɗaura wa lada irin wannan, to an ba kowane ɓangare dalilin kumbura shi, an kuma ba kowa dalilin zargin maƙwabcinsa.

Akwai kuma kurakuran da ba na siyasa ba, waɗanda malamin ƙidaya yake gamuwa da su a bakin zaure. A gidan da aka rubuta ba shiga, maigida ne yake ba da bayanin matan da yaran da malamin bai gani ba. Uwa tana iya jin kunyar ambaton ɗan fari. Dattijon da ba shi da takardar haihuwa zai ce shekarunsa sittin ko saba'in, shi ya sa shekarun da suke ƙarewa da sifili ko biyar suke cunkushewa a teburin ƙidaya. Almajiri yana iya shiga lissafi sau biyu, a gidan iyayensa da tsangayar malaminsa, ko ya kuɓuce wa duka biyun. Makiyayi kuma ranar ƙidaya yana iya kasancewa a kan hanyar mashekari. Masana yawan jama'a suna da dabarun lissafi na gyara irin waɗannan kurakurai domin suna da tsarin da ake ganewa, amma sunan da aka ƙirƙira da gangan ya fi wuyar ganowa.

Illar daɗewa ba ƙidaya tana bayyana a lissafi mai sauƙi. Idan aka ɗauki adadin 2006 aka riƙa ƙara masa kashi 3.2 cikin ɗari kowace shekara, wato saurin ƙaruwar da aka danganta da waccan ƙidaya, zuwa 2025 za a samu kimanin miliyan 255, idan kuwa da kashi 2.5 aka yi lissafin za a samu kimanin miliyan 224. Tazarar da ke tsakani, wato miliyan 31, ta kai yawan mutanen Gana baki ɗaya, waɗanda ƙidayarsu ta 2021 ta nuna miliyan 30.8 ne.

Idan Aka Sauya Mudu

Matsala ta biyu ita ce ta sauyin ma'auni. Ma'aunin girman tattalin arziki, wanda ake kira GDP, shi ne jimillar darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa a shekara, kuma ana lissafa shi ne a kan wata shekara da aka ɗauka a matsayin tushe, wadda ake amfani da farashinta da kuma nauyin kowane fanni a cikinta. Nijeriya ta zauna a kan 1990 a matsayin shekarar tushe har zuwa watan Afrilu na 2014, alhali a 1990 babu wayar salula a hannun jama'a, masana'antar fina-finai ta bidiyo ma ba ta kankama ba. Da NBS ta mayar da tushen zuwa 2010, ta ƙara fannonin da take aunawa daga 33 zuwa 46, sai girman tattalin arzikin 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu a rana ɗaya ba tare da ko sisi ya ƙaru a aljihun kowa ba. Gana ta ga irin haka a 2010, inda nata ya ƙaru da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Sabon adadin ya fi kusa da gaskiya, sai dai ya rusa lissafin ƙwararru da yawa, domin bashin ƙasa ya koma ƙarami idan aka gwada shi da sabon girman, harajin da ake tarawa shi ma ya koma ƙarami, abin da ke nufin duk shawarar da aka bayar a shekarun baya a kan waɗannan gwaje-gwaje an ba da ita ne da gurɓataccen awo. An sake sabunta tushen a 2025, aka mayar da shi 2019.

Alƙaluman rashin aikin yi sun fi wannan tayar da ƙura. NBS ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu aiki da masu neman aiki a haɗe ba su da aiki, a bisa ma'aunin da yake ɗaukar duk wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba a matsayin marar aiki. Daga nan aka shafe sama da shekara biyu ba a fitar da sabon adadi ba, sai a watan Agusta na 2023 hukumar ta dawo da kashi 4.1 na farkon shekarar, bayan ta koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda yake ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi a matsayin mai aiki. A ƙasar da babu alawus na marasa aiki, zaman banza sai mai wanda zai ciyar da shi, saboda haka mai digirin da ya koma tuƙa Keke Napep, da mai ga-ruwa, da matar da take sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gida, duk masu aiki ne a sabon ma'auni. Tsohon shugaban hukumar, Dakta Yemi Kale, wanda ya riƙe ta daga 2011 zuwa 2021, yana cikin waɗanda suka nuna rashin gamsuwa da dacewar ma'aunin ga Nijeriya. Adadin 33.3 da na 4.1 amsoshi ne na tambayoyi biyu daban, kuma wanda ya jera su ya ce rashin aiki ya ragu ya yi kuskure babba. Abin da ya fi bayyana halin ƙasa a cikin sabon rahoton shi ne cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin suna yin sa ne ba bisa tsarin albashi da fansho ba.

Haka ma'aunin hauhawar farashi, wanda ake samarwa ta hanyar tura ma'aikata kasuwanni kowane wata su rubuta farashin jerin kayan da aka zaɓa, sannan a ba kowane kaya nauyi daidai da kason kuɗin da iyalai suke kashewa a kansa. Ma'aikacin da ya shiga kasuwa yana fuskantar wahalar da ba ta bayyana a rahoto, domin tiya a wannan gari ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba, kashin tumatir yana raguwa ba tare da kuɗinsa ya canza ba, kuma farashin da aka fara faɗa ba shi ne na sallamawa ba. A farkon 2025 NBS ta mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, ta ƙara kayan daga 740 zuwa 934, ta rage nauyin abinci daga kimanin kashi 52 zuwa kashi 40, sai adadin ya sauka daga kashi 34.80 a watan Disamba na 2024 zuwa kashi 24.48 a watan Janairu na 2025. Farashi bai sauka ba a tsakanin watannin biyu, mudun ne aka sauya, kuma magidancin da yake kashe mafi yawan abin da ya samu a kan hatsi da cefane yana da hujja idan ya ji adadin bai yi kama da rayuwarsa ba, tunda matsakaicin ƙasa ne baki ɗaya.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma sabunta ma'auni wajibi ne ga duk hukumar da ta san aikinta. Inda matsala take shi ne jinkirta gyaran har ya taru ya zama girgiza, tunda abin da masana suka fi so shi ne a sabunta tushe kusan kowace shekara biyar, da kuma yin gyaran ba tare da an sake lissafa shekarun baya da sabon ma'auni ba, ta yadda mai bincike zai iya bin zaren daga farko zuwa ƙarshe.

'Yancin Mai Riƙe da Mudu

Amincin alƙaluma yana bukatar mai fitar da su ya zama ba ya tsoron sakamakonsu, kuma wannan jarrabawa ce da ƙasashe masu arziki ma suke faɗuwa. A Ajantina gwamnati ta tsoma hannu a hukumar ƙididdigarta a 2007, alƙaluman hauhawar farashi suka riƙa fitowa ƙasa da abin da masu zaman kansu suke aunawa, har Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawata wa ƙasar a hukumance a 2013. A Girka, Andreas Georgiou, wanda ya shugabanci hukumar ƙididdiga daga 2010 zuwa 2015, ya shafe shekaru yana zuwa kotu bayan hukumarsa ta bayyana cewa giɓin kasafin kuɗin 2009 ya kai kashi 15.4 cikin ɗari na tattalin arziki, duk da cewa hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai ta amince da adadin. A Amurka, ranar 1 ga Agusta, 2025, Shugaba Donald Trump ya sallami Erika McEntarfer daga shugabancin hukumar alƙaluman ƙwadago a ranar da hukumar ta rage ƙiyasin sababbin ayyukan watanni biyu da 258,000.

Don kauce wa irin wannan ne aka tsara ƙa'idoji goma na ƙididdigar hukuma a 1994, waɗanda Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a 2014, kuma Tarayyar Afirka ta zartar da nata kundin a 2009. Jigon ƙa'idojin shi ne cewa ƙwarewa ce za ta zaɓi hanyar aiki, a bayyana hanyar ga kowa, a saki alƙaluma ga jama'a ba tare da fifiko ba, kuma a tsare sirrin wanda ya ba da bayani, kada a yi amfani da shi don haraji ko tuhuma. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne maganin tsoron da aka gada tun zamanin jangali. A Nijeriya barazanar ta fi zuwa ta hanyar kuɗi, domin manyan bincike da dama sun dogara da tallafin Bankin Duniya da hukumomin ƙetare, kuma binciken da ba a ba shi kuɗi ba ya mutu ba tare da wani ya ba da umarnin kashe shi ba. Ƙidayar noma ta 2022, alal misali, ita ce ta farko tun farkon shekarun 1990, a ƙasar da noma yake riƙe da mafi yawan gidajen karkara.

Kammalawa

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, domin wani kaso na ɓarnar daga masu amfani da alƙaluman yake fitowa. Wajibi ne ƙwararre, kafin ya sa adadi a rahoto ko kanun labari ko takardar kasafi, ya san wanda ya tattara shi da shekarar da aka tattara, ya san ko ƙidaya ce ko samfur ko hasashe, ya karanta ma'anar da aka ba kalmomi irin su aiki da talauci, ya duba waɗanda aka bari a waje, kamar yadda aka bar Jihar Borno a lissafin talauci na 2018 zuwa 2019 saboda rashin tsaro, sannan ya faɗa wa mai karatunsa iyakar abin da adadin zai iya ɗauka. Wajibi ne kuma ƙungiyoyin likitoci da lauyoyi da 'yan jarida da malaman jami'a su ɗauki kasafin kuɗin hukumomin ƙididdiga a matsayin abin da ya shafe su kai tsaye, su yi amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 wajen neman cikakkun bayanai, tunda su ne suke cin moriyar aikin kullum.

A ɓangaren hukuma kuwa, gyara mai ɗorewa yana cikin sanya wa ƙidaya lokaci tabbatacce wanda ba ya jiran ra'ayin gwamnati mai ci, da sake duba nauyin da aka ba yawan jama'a a rabon arziki don rage kwaɗayin aringizo, da ƙarfafa rajistar haihuwa da mutuwa, wadda binciken 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suke cikinta. Yaron da aka haifa bayan ƙidayar watan Maris na 2006 ya isa jefa ƙuri'a tun 2024, wasu daga cikin sa'o'insa sun yi aure sun haihu, kuma kusan rabin mutanen ƙasar suna cikin wannan rukuni da ba a taɓa ƙirgawa ba. Su ne ake gina wa azuzuwa, ake sayo wa allurar rigakafi, ake yi wa alkawarin aikin yi, duk a bisa ƙiyasin da aka ɗora a kan ƙidayar iyayensu.